Na yi azumi, na yi kwanan addu'a, zuciyata ba ta warke ba. Me zan riƙa yi kullum?

"Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni gwauruwa ce, shekarata 49, mu mutanen Michika ne. An kashe maigidana a watan Satumba na 2014 lokacin da aka shigo garinmu. Na gudu da yara 4 ta kan duwatsu har muka iso Yola, kuma a nan muke har yau. Duk shekarun nan ban zauna na yi kuka ba, ina ta fafutukar abinci da kuɗin makaranta. Bara autana ya tafi makaranta, gida ya yi shiru, sai abin ya dawo mini sabo fil. Ba na barci, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai gabana ya yanke. Ga hawan jini. Na yi azumin kwana 21, na je kwanan addu'a ba adadi, amma in na durƙusa ba abin da ke fitowa daga bakina. Wata a zumuntarmu ta ce rashin bangaskiya ne, wai Kirista ba ya zama cikin baƙin ciki. Manyan abubuwan nan sun fi ƙarfina yanzu. Akwai ƙananan abubuwa da zan riƙa yi kullum da za su taimake ni in warke, in kuma koma kusa da Allah?"

'Yar'uwa, sannu. Sannu da rashi, ko da an daɗe da yin sa, sannu kuma da ɗawainiyar marayu. Allah ya ƙara ƙarfi.

Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta fili ita ce ta ƙananan abubuwan da za ki riƙa yi. Wadda ke ƙarƙashinta kuwa, wadda nake jin ta fi cin ki, ita ce ko Allah yana fushi da ke saboda halin da kike ciki. Zan fara da ta biyun, domin duk wata al'adar ibada da mutum ya ɗora a kan tunanin cewa Allah yana fushi da shi, kaya take zama masa.

Abin da ya sa sai yanzu

A aikin da nake yi na zama da masu raunin zuciya, musamman waɗanda suka tsere wa hare-haren Boko Haram daga Michika, Madagali, Gwoza da Mubi a 2014, labarinki ba baƙo ba ne. Wanda ke gudun ceton rai ba shi da lokacin makoki. Da yawa ba su ga gawa ba, ba a yi jana'iza ba, ba a yi zaman ta'aziyya ba, domin masu zuwa ta'aziyyar su ma suna daji. Har hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi kusa da Mubi an ƙwace a ƙarshen Oktoba na wannan shekarar, fastoci da dattawa suka watse kamar kowa. Makokin da ya kamata ki yi a lokacin sai zuciya ta ajiye shi gefe don ki iya ɗaukar yara. Da yaran suka tsaya da ƙafafunsu, gida ya yi tsit, sai ta ga yanzu akwai wuri. Saboda haka ba baya kika koma ba. Aikin da aka jinkirta ne ya iso.

Firgitar nan ta murfin tukunya kuma ba daga rashin bangaskiya take zuwa ba. Jikin da ya taɓa fuskantar mutuwa yakan koyi zama cikin shiri. Ƙara kaɗan sai zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, gumi ya keto, tun kafin hankali ya tantance ko harbi ne ko tukunya. Wannan shirin shi ya fitar da ke daga Michika da rai. Matsalar ita ce jikin bai samu labarin cewa gudun ya ƙare ba. Wa'azi ɗaya ba ya isar masa da wannan labarin, sai dai abin da ake maimaita masa yau da gobe cikin natsuwa. Dalilin da ya sa na yarda da hanyar da kika tambaya ke nan.

Game da maganar 'yar'uwar nan ta zumunta, na tabbata da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma Littafi Mai Tsarki bai goyi bayanta ba. Da aka jejjefe Istifanus, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka kuma yi masa makoki mai zafi. Ba a kira su marasa bangaskiya ba. Na'omi ta koma Baitalami bayan ta rasa miji da 'ya'ya biyu, ta ce wa matan gari su daina kiran ta Na'omi su kira ta Mara, domin rayuwa ta yi mata ɗaci, kuma ba inda aka tsawata mata. Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa cewa su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, a cikin wasiƙar nan ɗaya (2:27) ya ce da abokin aikinsa ya mutu da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. A 1 Tasalonikawa 4:13 ma bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi.

Ki fara da barci da abinci

Wannan zai ba wasu mamaki daga bakin fasto, amma shawarata ta farko ita ce ki dakatar da dogon azumi da kwanan addu'a na ɗan lokaci. Ban ce ba su da amfani ba. Amma mai hawan jini wadda ba ta samun barci, in ta ƙara wa kanta yunwa da kwana a tsaye, firgitar ƙaruwa take yi, sai ta ɗauka addu'arta ce ba ta karɓu ba, sai ta ƙara wani azumin. Na ga mata da dama sun faɗa cikin wannan zagayen har sun rame.

Ki duba 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa da barazanar kisa, ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya. Aka sake tashe shi ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan duk wannan, can a Horeb, aka yi maganar abin da ke damun sa. Tsarin Allah ke nan ga bawansa da ya gaji, ban ga dalilin da zai sa mu fi shi tsanani ba.

To ki tsayar da lokaci ɗaya na kwanciya da lokaci ɗaya na tashi, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Ki rage goro da shayi mai ƙarfi da kofi daga la'asar. Da safe ki fita tsakar gida rana ta taɓa ki, domin hasken safiya yana taimaka wa jiki ya gyara lokacin barcinsa. Maganin hawan jininki kuma ki sha shi a kan lokaci, ki yi godiya a kansa kamar yadda kike yi a kan tuwo. Sai waya. Hotuna da bidiyon kashe-kashe da ake turawa a WhatsApp da Facebook, ga mai irin rauninki kowane ɗaya fami ne. Ki roƙi 'yan'uwa su daina turo miki, ki kuma ajiye wayar nesa da gado da dare. In labari ya zama dole ki ji, ki saurari rediyo sau ɗaya da rana tsaka ya isa.

Addu'ar wadda bakinta ya mutu

Kin ce in kin durƙusa ba abin da ke fitowa. A nan nake so in daɗe, domin nan ne mafi yawan mutanenmu suke yanke wa kansu hukunci. Mun saba da addu'a mai tsawo da ƙarfin murya, har muna auna ruhaniyar mutum da yawan kalmominsa. Wanda ya kasa sai ya ga kamar an rufe masa ƙofa. Amma Romawa 8:26 ta san da irin wannan ranar. Ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki. Durƙuson da kika yi shiru, an ji shi.

Abin da nake ba mutane a irin wannan hali shi ne su ari bakin wani. Zabura 150 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku nasu kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Mu ne muka zaɓi na yabo muka bar sauran, har yaro ya girma a coci bai taɓa jin an karanta Zabura 88 a sujada ba, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta. Allah ya ga dama ya bar ta a cikin littafinsa. Ki fara da Zabura 13, aya 6 ce kacal. Sau huɗu Dawuda yake tambayar Allah har yaushe, sannan ya roƙi a dube shi, sannan a ƙarshe ya ce duk da haka ya dogara ga ƙaunarsa. Ki karanta ta da murya kowace safiya har mako guda kafin ki canja. In kin iso ayoyin ƙarshe kika ji ba za ki iya faɗar su da gaskiya ba, ki tsaya a inda kika iya. Gobe ki sake. Bayanta akwai 42, da 6, da 77, da 121. Yesu ma a kan gicciye ya ari kalmomin Zabura 22 da 31 ya yi addu'a da su.

Minti biyar ya isa. Na fi son minti biyar da za ki iya yi har a ranar da ta fi kowace muni, a kan awa guda da za ki yi sau uku ki bari, laifi kuma ya biyo baya. Ki haɗa shi da wani abin da kike yi dama kowace safiya, misali da zarar kin ɗora ruwa a wuta sai ki zauna ki buɗe littafin kafin ya tafasa. Abin da aka ɗaura wa aikin da aka saba ya fi daɗewa a kan wanda ake jiran sai zuciya ta so. Manna ma ta kwana ɗaya ake tarawa a jeji, wanda ya tara ta gobe ta yi masa tsutsa (Fitowa 16).

In lokaci ya ɗan ja, ki gwada yin naki kukan a kan tsarin Zabura 13. Ki kira Allah, ki faɗa masa abin da ya faru da sunan mijinki da sunan wurin, ki faɗi abin da kike ji har da fushin, ki roƙi abu ɗaya. In kina rubutu ki samu ƙaramin littafi, in ba kya so ki faɗa da baki. Kuma ki yi da harshen da kika tashi da shi. In Kamwe ne, to da Kamwe. Na sha ganin mace ta yi addu'a da Hausa ido a bushe, da ta juya zuwa harshen uwarta sai hawayen shekaru ya ɓalle. Kada ki ji tsoron hawayen. Amma in kin ga tuna abin yana jefa ki cikin firgita har ki rasa inda kike, ki tsaya, wannan ɓangaren ba na yi ke kaɗai ba ne, zan dawo kansa.

Don lokacin da gaba ya faɗi a kasuwa ko cikin dare, ki riƙe gajeriyar addu'a ɗaya. Ta makaho Bartimawus ta wadatar: Yesu, ka ji tausayina. Ki ja numfashi a hankali ta hanci kina kiran sunan, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja kina faɗar sauran, ƙafafunki a ƙasa, idonki a buɗe kina kallon abin da ke gabanki. Sakin numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, haka Allah ya yi jikin. Kiristocin da suka zauna a hamadar Masar tun ƙarni na 4 sun rayu da irin waɗannan gajerun addu'o'i suna aiki suna maimaitawa. Wani zai kawo miki Matiyu 6:7 ya ce an hana maimaici. Abin da aka hana shi ne surutun da mutum yake zaton yawansa ne zai sa a ji shi. A Getsamani Yesu ya yi addu'a sau uku da kalmomi iri ɗaya (Matiyu 26:44).

Da dare, kafin kwanciya, ki waiwayi yinin da tambaya biyu: ina ne ya fi yi mini nauyi yau, ina ne kuma na ɗan samu sauƙi? Ki miƙa na farkon ga Allah, ki gode masa a kan na biyun, ko da ruwan sanyi ne maƙwabciya ta ba ki. Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koya wa almajiransa irin wannan waiwaye, kuma har yau ana amfani da shi. Ina sa tambayar nauyi a gaba da gangan, domin godiyar da aka tilasta wa mai ciwo ba tare da an bar shi ya ce yana ciwo ba, ƙarya take koya masa. Ki rufe da Zabura 4:8.

Kada ki yi shi ke kaɗai

Duk abin da na lissafa, in aka ce in zaɓi ɗaya, zan zaɓi wannan: ki samu mutum ɗaya da za ki riƙa gaya wa gaskiya. Ba taro ba. Mace ɗaya mai riƙon asiri, mai iya saurare ba tare da ta yi miki wa'azi ba, in da hali wadda ita ma ta sha irin wannan ruwan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a Yola gwauraye irinki ba su da wuyar samu. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana 7 da suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata. Ki nemi mai halin kwana bakwai ɗin farko. Ku sa rana ɗaya a mako, sauran ranakun ko gaisuwa ce ta waya.

Kada kuma ki bar zumunta saboda maganar mutum ɗaya. Ki je ko ba za ki iya waƙa ba, ki zauna a baya ki ji tulu da caki suna tashi, wasu su rera a madadinki. Da sannu bakin zai buɗe. A gida ma, waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi lokacin shara ko wanke-wanke addu'a ce cikakkiya. Kuma tun da hannunki ya saba da hidimar yara, yanzu ya rasa abin yi, ki ba shi ƙaramin aiki: 'yar gonar alayyafo a bayan ɗaki, ko leƙa wata tsohuwa a unguwa. Mai baƙin ciki yakan jira sai ya ji daɗi kafin ya motsa, alhali sau da yawa motsin ne ke zuwa da farko. Iliya ma da ya ce shi kaɗai ya rage, Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000, ya kuma ba shi Elisha da aikin yi.

Abu ɗaya da zan roƙa ki tattauna da fastonku da yaranki shi ne sujadar tunawa da maigidanki, tun da ba a samu yin jana'iza yadda ya kamata ba. Ba sai an yi taro da girki ba. Ku da dattawa kaɗan, a kira sunansa, kowane yaro ya faɗi abin da ya tuna, a karanta Kalma, a yi addu'a. Yaran nan ma suna ɗauke da nasu, wataƙila suna ɓoyewa don kada su tayar miki da hankali, kamar yadda kike ɓoye musu. Ki kuma sani watan Satumba zai riƙa yi miki nauyi, ki shirya masa tun daga Agusta, kada ranar ta same ki ke kaɗai a ɗaki.

Ba ki tambayi maganar gafara ba, amma na san za a kawo miki ita, in ba a riga an kawo ba. Gafara umarnin Ubangiji ce, ba na musu. Sai dai karaya ba ta ɗaukar kaya ranar da aka yi ɗori. Gafarar da aka matsa wa mutum ya furta kafin ya faɗi abin da aka yi masa, a leɓe take tsayawa. In abin da kike iya cewa yau shi ne "Ubangiji, ban iya ba tukuna, ka taimake ni in so", ki faɗi hakan. Gafara kuma ba ta nufin abin da aka yi ba laifi ba ne, ba ta kuma hana neman adalci.

Inda nawa ya tsaya

Ni fasto ne mai ba da shawara, ba likita ba, kuma wasiƙa ɗaya ba ta isa a gane duk abin da ke damun mutum. Abubuwan da na faɗa suna taimakawa ƙwarai, amma akwai raunin da ke bukatar ƙwararre a kansu. Rashin barci da firgitar da kika bayyana sun kai shekara, ga hawan jini, don haka shawarata ki ga likita yanzu, kada ki jira sai kin gwada waɗannan tukuna. A yi su tare. Alamomin da likitoci suke dubawa sun haɗa da baƙin ciki ko rashin sha'awar komai kusan kullum har mako 2 ko fiye, rama, kasa yin aikin gida, mugayen mafarkai, da ganin abin yana dawowa a ido kamar yanzu yake faruwa. In kuwa tunanin gara mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki gaya wa wani a ranar, a raka ki asibiti, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Ba zunubi ba ne faɗar sa.

Ki fara da likitan da ke duba hawan jininki, ki gaya masa maganar barci da firgita da abin da ya faru a 2014, kada ki tsaya a "ciwon kai" da "zafin jiki" kamar yadda muka saba. Shi zai tura ki sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na nan Yola in da bukata. Akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Maiduguri da Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Yawancin masu zuwa mutane ne irinki da ke zuwa da ƙafarsu su koma gida a ranar, kuma wani lokaci maganin ma zama ne da ƙwararre ana bin labarin daki-daki har ya daina firgita mutum. Ki guji sayen maganin barci ko tramadol a kemis ba da takardar likita ba, domin suna kama jiki su ƙara wata matsalar. In likita ya rubuta miki maganin damuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada ki yanke shi da kanki don kin ji sauƙi ko don wani ya ce an yi miki addu'a kin warke. Ranar zuwa ki tafi da katin asibitinki da duk magungunan da kike sha, ki kuma ɗauki babbar 'yarki ko ƙawar nan taki ta raka ki.